Ƙundun Kaza a Farantin Bature

Ƙarfe huɗu na yammacin Lahadi aka bugo waya caji ofis, aka ce ga wani Bature can a unguwar Bepanda, kwance ƙarƙashin mangwaro, babu rai. Insifekta Mahop ya ja tsaki. Gawar ɗan gari takarda ɗaya ce a Douala. Gawar Bature kuwa sai ka yi rubutu har yatsunka su sage, ga manya suna bugo maka waya kamar kai ka kashe shi.

Gidan haya ne na Mama Odile mai gasa kifi a bakin titi. Baturen yana kan doguwar kujera inda ya kishingiɗa bayan abincin rana, an fasa masa ƙeya. Fasfo ya nuna sunansa Armand Wauters, mutumin Beljiyam, shekara sittin da bakwai. Wata mace tana durƙushe gefensa tana kuka.

"Ke wace ce?"

"Hortense, Yallaɓai. Kitso nake yi. Nan ɗakina ne."

"Matarsa ce ke?"

"Saura kwana shida. Asabar za mu je ofishin magajin gari a ɗaura."

"Kina ina aka kashe shi?"

"Na je unguwar Ndokoti yi wa wata kitso. Na dawo na tarar da shi haka. Ɓarawo ne ya hauro katanga."

Mahop ya laluba aljihun mamacin. Ga waya, ga walat, ga agogo a hannu.

"Ɓarawon Douala ne zai hauro katanga ya bar waya? Ashe waliyyi ne ya ziyarce ku."

Ya leƙa bakin famfo. Kwanukan rana suna jibge, ƙuda na binsu, ba a taɓa ko ɗaya ba. Amma taɓarya tana jingine a bango, an wanke ta tas, ruwa bai ma bushe ba.

Kafin magariba Kwamishina ya bugo sau uku. Yana son suna ɗaya a kan takarda kafin azahar ɗin Litinin, kuma shi a ganinsa sunan ya riga ya samu: matar da ta jawo tsoho daga ƙasarsu. Mahop ya sa aka tafi da Hortense. Ya san ƙarya take yi, amma bai ga hannun mai kisa a jikinta ba. In bai samo wani ba, ita za ta tsufa a gidan yari.

Yana ofis wayar mamacin ta yi ƙara. 'Yarsa ce, Maud, daga can ƙasarsu. Mahop ba ya iya kwana-kwana, ya faɗa mata kai tsaye.

"Ni na zaɓa masa shafin neman aure na intanet inda ya haɗu da ita," in ji ta. "Bayan rasuwar mahaifiyata ya faɗa irin shafukan nan da mata ke tuɓewa gaban kyamara. Suka ɗauki hotonsa, suka ce za su tura wa 'yan cocinsu. Sai da muka kai ƙara. Na ce Baba, in mata kake so, bari in nemo maka wurin kirki. Sati biyu ina bincike. Wannan shafin sai ka nuna katin shaida, sai an ga fuskarka kana magana, kuma suna duba ko kana da aure. Wata takwas suna hira, ko sau ɗaya ba ta roƙe shi komai ba. Me na bari ban duba ba?"

"Ki ba ni zuwa gobe, Madam."

Ta ba shi lambar buɗe wayar. Ya zauna ya karanta hirar wata takwas. Shafin bai yi ƙarya ba: katin Hortense na gaske ne, fuskarta ce, kuma a takardar hukuma ba ta da miji. Sai dai Mahop ya san ƙasarsa. Rabin matan garin nan an kai akuya da manja da barasa gidan iyayensu, sun haihu, sun yi jikoki, kuma babu ofishin da ya san sun taɓa aure.

Can sai ga wani dogon mutum ya faka babur a ƙofar ofis, sanye da rigar 'yan acaɓa.

"Yallaɓai, an ce kun kama ƙanwata."

"Sunanka?"

"Blaise. Ni ne yayanta. Uwa ɗaya, uba kowa da nasa."

"Ka ci abincin rana da su?"

"Na ci, ƙarfe biyu na fita aiki. Fasinja ba sa jira."

"A ina kake kwana?"

"A falonta, kafin in sami ɗaki."

Mahop ya sa aka fito da Hortense. Idonta ya kumbura, tana ganin wayar Armand a kan tebur ta sake fashewa da kuka. Insifekta bai kalle ta ba, Blaise yake kallo. Jijiyar wuyan ɗan acaɓan ta miƙe.

"Ya isa haka mana!" in ji Blaise. "Ubanki ne ya mutu?"

"Ango ne ya mutu," in ji Mahop. "Kai ba ka ji zafin rasa suruki Bature ba?"

"Na ji, Yallaɓai. Sosai ma."

Bai tambayi yadda aka kashe mutumin ba, bai tambayi yadda za a yi belin ƙanwar ba. Mahop ya ce ya dawo gobe ƙarfe goma ya sa hannu a takarda.

Da safe ya tarar da Mama Odile tana hura gawayi.

"Mama, Blaise mene ne ga Hortense?"

"Yayanta ne, ɗana. Kowa ya sani."

"Kowa ya sani tun yaushe?"

"Kai kuma! Kifi za ka saya ko tarihi?"

Ya sayi kifi, ya zauna a benci. Ya tambaye ta me aka ci jiya, tunda ita ma an gayyace ta a matsayin gwaggon amarya. Nan bakinta ya buɗe. Kaza ce da soyayyar ayaba, yarinyar ta iya girki, ba a taɓa raina hannunta ba.

"Wa aka ba ƙundu?"

Tsohuwa ta tsaya da fifita wuta.

Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san ƙundun kaza na maigida ne. Mace ta dafa kaza ta kawo babu ƙundu, miji yana iya mayar da tukunyar gaba ɗaya, a tara dangi a kan maganar. Ba wai daɗinsa ya fi cinya ba. Shi ne ke nuna wane ne namijin gidan.

"Mama, yarinyar nan azahar za a rubuta sunanta a kan kisan kai. Wa aka ba ƙundu?"

"Bature," in ji ta a hankali. "Sati uku yana nan, kaza huɗu aka yanka. Kullum sai ta ɓoye ƙundun a kicin, Blaise ya shiga kamar zai sha ruwa ya cinye. Jiya kuwa a gaban kowa ta ɗora shi a farantin Bature. Shi kuma bawan Allah bai san mene ne ba. Ya latsa da cokali, ya ce wannan roba ce, ya yi dariya, ya jefa wa karena."

"Blaise fa?"

"Cokalin hannunsa ya lanƙwashe. Ni dai na ce kifina yana jirana, na fito."

"Yaya mai aurar da ƙanwa da hannunsa zai tura wa suruki ƙundu, Mama."

"To ai ka gane. Shekara tara Blaise da Hortense suna tare, an kai komai gidan ubanta a ƙauye. Ni ban faɗa maka ba."

Ƙarfe goma Blaise ya zo. Mahop ya zaunar da shi, ya zaunar da Hortense a ɗaya gefen, ya tura masa takarda da biro.

"Sa hannu nan, cewa ka fita ƙarfe biyu ka bar ta da shi. Shi ke nan, kai ka tafi, ita ta wuce kotu."

Blaise ya ɗauki biro. Hortense ta kalle shi.

"Kafin nan," in ji Mahop, "tunda kai ne yaya, ya kamata ka ji abin da ƙanwarka ta rubuta wa angonta ranar Juma'a." Ya buɗe wayar ya karanta a hankali, kamar mai karanta sanarwa a coci. "'Armand, in mun isa can, kada ka ba yayana adireshinmu, kada ka nema masa biza ko da ya roƙe ka. Ban taɓa zama da mutumin da ke tambayata ko na gaji ba sai kai.'"

Biron ya karye a hannun Blaise.

"Ko na gaji? Ni da nake kan babur tun asuba cikin ruwan sama, wa ya taɓa tambayata ko na gaji?"

"Yi haƙuri, ƙanwa ce. Aure za ta yi."

"Matata ce!" Ya buga tebur. "Matata ce, Yallaɓai! Sati uku ina kwance a falo kamar kare, ina jin dariyarsu ta bango. Na daure, don mun yi da ita shekara biyu za ta yi can ta aiko mini da takardu. Jiya ta ɗauki ƙunduna ta ba shi ina zaune. Da ma ya ci, wallahi da da sauƙi. Kare ya jefa wa!"

Ana cewa kishi kumallon mata ne. Wanda ya faɗi haka bai taɓa ganin na namiji ba.

"Sai ka yi yaya?"

"Na fita, na yi zagaye biyu, ko fasinja ban gani ba. Na dawo, ta tafi kitso, shi yana minshari a kujerar da na saya da gumina. Taɓarya tana wurin. Sau ɗaya na buga masa."

"Wa ya wanke ta?"

"Ni," in ji Hortense. "Na dawo na gan ta a ƙasa, na san hannun wane ne. Uban 'ya'yana ne, Yallaɓai, suna ƙauye wajen uwata. Me zan ce musu?"

"Wannan kya faɗa wa alƙali. Laifinki ɓoye shaida ne, ba kisa ba."

Mahop ya yage takardar farko, ya ɗauko sabuwa, ya rubuta sunan Blaise. Kurtu ya shigo da ankwa. Blaise ya miƙa hannuwa ba gardama, amma da suka kai ƙofa ya turje, ya juyo.

"Hortense. Tsakaninki da Allah. Da kin tafi, da ba za ki waiwaye ni ba?"

Ta share fuska da bakin zaninta, ta dube shi ido cikin ido.

"Kai ka buɗe mini shafin, Blaise. Kai ka zaɓi hoton, ka ce wanda na sa jar riga ya fi kama ido. Da aka zo wurin tambayar aure na ce me za mu sa, ka karɓe wayar ka rubuta da hannunka cewa ba ni da miji. Wata takwas ina karanta wannan rubutun naka kullum."

Kurtu ya ja Blaise suka fita.