Ƙarar da Ke Cikin Akwatin Wufa

Da hantsi wata malamar asibiti ta shigo caji ofis, ƙanenta na biye da ita. Idanunta sun yi ja. Ta ce an sace mata awarwaron zinare huɗu, gadon mahaifiyarsu, daga aljihun motarta.

"Me ya kai zinare mota?" Sufeto ya tambaya.

"Maƙera zan kai a gyara, aiki ya sha kaina na manta. Jiya muka kai motar wurin mai gyaran sauti. Da muka karɓo, babu su."

Ƙanen, wanda take kira Auta, ya yi caraf ya ce, "Yallaɓai, da idona na gan su da safen da muka kai motar. Mai gyaran nan ne."

Kafin azahar Saje ya kawo mai gyaran sautin, aka sa shi bayan kanta. Magidanci ne mai furfura, sai share zufa yake yi. Sufeto bai ji zancen ya kwanta masa ba, don haka ya sa aka fito da shi.

"Me aka kawo motar ka gyara?"

"Wufa ce ke ƙara, yallaɓai, babbar lasifikar nan da ke cikin akwati a but. Na duba wayar da ke ɗaure a jikin ƙarfen mota, ba ta saki ba. Na canja wayar da ta taso daga rediyo zuwa amfilifaya, na'urar ƙara ƙarfin sauti. Na rage ƙarfin sautin, na taka totur ko kukan na bin inji, shiru. Sai ganga ta buga ƙarar ke tashi, kacau-kacau."

"Sai ka yi yaya?"

"Na ce zan kwance akwatin. Ƙanen mai motar ya hana, wai zan lalata masa kaya."

Sufeto ya koma wurin malamar, ya ja ta gefe.

"Yaushe kika fara jin ƙarar?"

"Tun farkon mako. Auta ne ya sa wufar, shi ke kai ni aiki. Ni na matsa a kai gyara, don ƙarar har cikin haƙorana nake jin ta."

"Lokacin kin riga kin ajiye awarwaron a motar?"

"Na ajiye. Washegari ƙarar ta fara."

Sufeto ya ce a shigo da motar harabar ofis. Auta ya ce makullin na gida. Yayarsa ta zuge jaka ta miƙa nata.

Aka buɗe but, aka kunna kiɗa. Da gangar farko akwatin ya amsa da wata kaɗawar ƙarfe. Sufeto ya danna murfin but da tafinsa, ƙarar ba ta daina ba. Ya riƙe lambar mota, nan ma haka. Ya cire jak da sifana ya ajiye a ƙasa, har yanzu tana nan. Sai ya durƙusa ya kara kunne a ramin iskar da ke gefen akwatin.

"Daga ciki take. A kwance."

"Yallaɓai, akwatin nan da tsada," in ji Auta.

"In ya lalace ni zan gyara," in ji mai gyaran.

Auta ya kai hannu zai tare mai gyaran, hannun rigarsa ya zame. Sufeto ya kama tsintsiyar hannun ya juya ta. Duk ta kurje, zagaye, kamar an ɗaure ta da igiya.

"Me ya same ka a nan?"

"Ƙofa ce ta datse ni."

"Ƙofa ba ta datsa a zagaye. Wannan ramin ne. Ka cusa hannu ya ƙi shiga."

Mai gyaran ya kwance kusoshi takwas, ya ɗaga lasifikar a hankali. A ƙasan akwatin, cikin ƙura, awarwaro huɗu na kwance.

Malamar ta sunkuya ta kwashe su.

"Ka ce ka gan su a aljihun mota jiya da safe," Sufeto ya ce. "Alhali tun farkon mako suna nan ciki suna kuka. Ka jefa su ta ramin, ka kasa ciro su. Da motar ta je gyara sai ka samu wanda za ka ɗora wa."

Auta ya sunkuyar da kai. "Na Mama ne, Yaya. Ke kaɗai kika riƙe. Na so in sayar da biyu in yi tafiya, in nemi aiki."

"Da ka tambaye ni, Auta, duka zan ba ka," ta ce a hankali. Ta juya ga Sufeto. "Yallaɓai, na yafe. A bar maganar a gida."

"Naki kin yafe, Malama. Amma ya yi wa hukuma ƙarya, ya sa an kulle bawan Allah da bai ji ba bai gani ba. Wannan ba a hannunki yake ba."

Mai gyaran ya tattara kayan aikinsa.

Saje ya ɗaura wa Auta ankwa, ya sassauta ta saboda ciwon. Ya tasa shi gaba zuwa bayan kanta, yayarsa na tsaye da awarwaron a tafin hannu, ta kasa sa su a jaka.