Furar Ranar Tiyata

"Inna, me kike damawa?"

Saudatu ta yi turus a ƙofar madafa, idonta a kan ƙwaryar da uwarta ke juyawa da ludayi. Safiyar ranar da za a yi wa mahaifinta, Malam Jumare, aikin ƙari a ciki ke nan a asibitin Kontagora, shekarar nan da motoci suka koma bin hannun dama.

"Rubutu ne liman ya aiko," in ji Inna Ruka. "Na zuba a fura don ya shige masa da daɗi."

"Haba Inna! Haliru fa ya ce ko ruwa kada Baba ya sha!"

"Haliru! Haliru! Yaushe aka haifi Halirun? A kai mutum gaban wuƙa da yunwa? Ba dai a gidan nan ba!"

Haliru shi ne saurayin Saudatu, har an sa rana. Ya gama karatun likita tuni, amma maimakon ya zo a sha biki, sai ya koma Zariya kwas ɗin ƙwarewa a kan sa majiyyaci barci kafin tiyata. Dangi suka samu abin dariya: ƙato da shi ya tafi koyon abin da kowace mai goyo ta iya! A cikin kwas ɗin ne aka turo shi gida ya yi 'yan watanni tare da Dokta James, likitan fiɗa mai zuwa sau ɗaya a wata.

Da aka kai wa Malam Jumare furar, ya kafa kai, bai ajiye ƙwaryar ba sai da ya ga gindinta.

A asibiti Haliru ya durƙusa har ƙasa ya gaida surukansa, sannan ya tambaya, "Baba, tun jiya an ci ko an sha wani abu?"

"Ko ɗigo!" Inna ta yi caraf ta amsa.

Nan take Saudatu ta tuna da wata magana. Haliru ya taɓa gaya mata cewa wanda aka sa barci ba ya iya tari, in ya yi amai abincin huhu zai wuce, kuma sau da yawa shi ke nan. Ta ƙaryata uwarta a gaban suruki? Ko ta yi shiru a shiga da ubanta? Sai ta ce, "Ya sha fura. Ƙwarya guda."

Inna ta dafe ƙirji. "Ni kika tona wa asiri, Saudatu? Ni?"

Haliru ya sunkuyar da kai. "Baba, aikin ba zai yiwu yau ba. Kafin cikinka ya sauka Dokta ya kama hanya. Sai wata mai zuwa."

"Wata mai zuwa?" Malam ya yunƙura ya zauna. "Ka san abin da nake ji a cikin nan? Wato boko ya kai ka har ka raina rubutu!"

"Wallahi ba rubutun ba ne, Baba, furar ce—"

"Rufe mini baki! In na fita asibitin nan ba a yi aikin ba, to ka manta da Saudatu!"

Haliru ya ɗago ya dube ta, idanunsa sun kaɗa sun yi ja. "Allah ya huci zuciyarka, Baba. Ba zan sa ka barci yau ba."

Kafin la'asar an mayar masa da kayan sa rana.

Kai, mutane ba su da adalci! Watan nan Saudatu ta ga tasku. Malam ya daina amsa gaisuwarta. Duk nishin da ya yi, sai Inna ta juyo ta ce, "Ji aikinki! In ya mutu, ke da likitanki na barci kuka kashe shi." Gwaggonni suka riƙa zarya, kowace da irin baƙar maganar da ta ƙullo. Ba wadda ta ce uffan game da wadda ta dama furar. Takaici ya ishi Saudatu har ta kan shige bayan rumbu ta ci kuka ta ƙoshi, amma ba ta taɓa mayar wa kowa magana ba. Ita ke wanke kayan Malam, ita ke yi masa fifita, shi kuwa yana kau da kai.

Da Dokta James ya dawo, ita ta tsare randa da madafa har aka fita da mahaifinta. Ya rame ƙwarai, amma zuciyar tana nan. Yana hango Haliru ya ce, "A kawo mini wani!"

"Babu wani, Malam," in ji Dokta James. "Ni yanka na iya. Numfashinka a hannunsa yake tun daga farko har ka farka. In babu shi, ba na shiga."

Malam ya dubi Haliru a fusace. "To, kai sarkin taurin kai, da ka sa ni barci ran nan, me zai faru?"

Haliru ya yi masa bayani dalla-dalla. Saudatu na tsaye bakin ƙofa, ta ga fuskar Inna ta canja.

"Ka ji na ce zan hana ka ita, amma ka ƙi?"

"Na ji, Baba. Gara ka hana ni ita kana raye, da in same ta a zaman makokinka."

Aka tura Malam ɗakin tiyata. Inna ta zauna daɓas a kan benci, ta kamo hannun 'yarta ta fashe da kuka. "Ashe da hannuna na kusa kashe shi!"

Bayan azahar Malam ya buɗe ido. Haliru na tsaye a kansa, yatsunsa a wuyan hannunsa yana jin bugun jini. Malam ya daɗe yana kallon yaron, sannan ya juya ga matarsa, muryarsa a dusashe.

"A je a ba iyayensa haƙuri, a karɓo kayan nan yau. Saudatu, matso in gan ki. Allah ya yi miki albarka."

Rabon da ya kira sunanta tun ranar furar. Ta kifa kai a gefen gadon tana kuka, shi kuwa ya ɗora mata hannu a ka.

Bayan ƙaramar salla aka ɗaura aure. Ku 'yan mata da samari, ku riƙe wannan: mai sonka da gaske zai iya ɓata maka rai don ya tsare maka rayuwa, kuma wanda ya faɗi gaskiya ya jure fushin iyaye da ladabi, Allah ba ya barin sa ya taɓe.