Da Inna Ta Daina Ɗaukar Buta

Keken ɗinki na ta kuka a tsakar gida lokacin da Lele ta dawo daga makaranta. Shekararta goma, ita kaɗai Allah ya bai wa Tela da mijinta Direba.

"Mama, wai ma'aikatan asibiti za su zo yi wa 'yan mata allura, ta hana sankarar bakin mahaifa."

Ƙafar Tela ta tsaya cak a kan keken. Ciwon nan ne ya ci mahaifiyarta da kaɗan-kaɗan, a kan cinyarta. Kafin ta buɗe baki, surukarta Inna ta yaye labulen ɗakinta.

"Allurar me? Ke kin haifi ɗaya kin ɗaure bakin buhu, yanzu kuma jikar tawa za ki kashe wa mahaifa?"

"Inna, ba ta hana haihuwa. Riga-kafi ne kawai."

"Riga-kafin ciwon matan banza? Jikata ba 'yar iska ba ce."

Maganar ta ƙona Tela kamar garwashi. Uwarta miji ɗaya ta sani har ta koma ga Allah.

Direba na ajiye mota da yamma, Inna ta tare shi tun bai sha ruwa ba. "Ranar da allura ta taɓa yarinyar nan, ko ka saki matarka, ko ban yafe maka nonona ba."

Ya shiga ɗaki ya kama hannun matarsa. "Telata, ina zan sa kaina? Bakin uwa ba abin wasa ba ne. Ke kuma in kin bar gidan nan, wallahi ko sitiyari ba zan iya riƙewa ba."

"Ni fa da hannuna na yi jinyar uwata," ta ce. "Kullum na kalli Lele, sai in ga gadon jinyar nan."

Ranar allura ta zo ta wuce. Tela ba ta kai yarinyar a ɓoye ba, amma tsoro ya zauna mata a ƙirji har ta fara ɓata ɗinkin mutane.

Ana nan sai ta lura da wani abu. Inna, wadda ladan bai taɓa riga ta alwala ba, ta daina ɗaukar buta. Dardumarta na ninke a kan akwati har ta yi ƙura. Tela ta shiga ta durƙusa.

"Inna, lafiya kuwa? Na ga ba kya salla."

Tsohuwa ta kau da kai. "Ke da sa ido. Al'ada ce ta dawo mini bayan shekara da shekaru. Tsufa dai da abin kunya."

Tela ta tuna baya. Haka uwarta ta faɗa, haka ta ajiye salla tana jiran tsarki, har wari ya fara fita.

"Inna, wannan ba al'ada ba ce. Don Allah mu je asibiti."

"Fita mini daga ɗaki. In kika gaya wa ɗana, kin gama zama a gidan nan."

Wace suruka ce ke kai wa ɗa irin wannan zance a kan uwarsa? Tela ta auna aurenta, ta auna ran tsohuwa. Ta sami Direba yana wanke mota, ta faɗa masa. Soso ya faɗi daga hannunsa. Ya shiga ya tsugunna gaban uwarsa.

"Inna, ki tsine mini a mota, amma sai mun je."

Likitar da suka samu a asibiti mace ce. Da sakamako ya fito ta ce sankarar bakin mahaifa ce, amma an tare ta da wuri, aiki zai yiwu. Inna ta kama bakin zanenta.

"'Yar nan, ni fa uban yaron nan kaɗai na sani."

"Na yarda, Inna. Ƙwayar cutar ta yi yawa a duniya, miji kan kawo ta bai ma sani ba. Shi ya sa ake yi wa yara allurar tun kafin aure. Kuma ba ta hana haihuwa."

Aka yi wa Inna aiki. Tela ce ta kwana da ita, ita ke juya ta, ita ke wanke mata zannuwa, ba ta taɓa yi mata gori ba.

Ranar da ta iya taka ƙafarta, Inna ta yafa mayafi ta kira ɗanta. "Tada motar. Ke kuma ƙawata, wuce mu je a tsira miki allurar nan."

Lele ta ɓata fuska. "Da zafi, Inna?"

"Ni da aka tsaga wa ciki kike tambaya?" Sai ta juya ga Tela. "'Yata, na zagi mahaifiyarki ban sani ba. Ki yafe mini."

Tela ta fashe da kuka. Direba ya juya baya, wai yana goge gilashi.

Nan labarin ya ƙare. To 'yan jikokina, ku ji ni da kyau. Haƙuri ke riƙe aure, amma haƙuri ba shi ne yin shiru mutum na mutuwa ba. Jini bayan tsufa ba al'ada ba ne, a tafi asibiti. Yarinya kuma a yi mata allurarta tun tana ƙarama. Kunya ba ta taɓa warkar da kowa ba.