Tuwon Alu Masaƙi

Hafsatu na tankaɗe a tsakar gida ta ji babanta, Malam Mudi, yana yi wa innarta faɗa.

"Kande, ba ni ba baƙon ga, Alu masaƙi, ɗiyata. Wata bakwai da zuwansa daga Aliero, wa ya taɓa ganin akushinsa a ƙofar gida? Mutum ya rufe ɗaki ya ci shi ɗai, wa zai turo min neman aure? Kazarsa?"

Lokacin nan Nasara ba su daɗe da kafa bariki a Jega ba, baƙi sai kwararowa suke. A unguwar su Hafsatu kuwa, da an yi magariba kowane namiji yakan fito da akushinsa a haɗu a ci tare. Wanda bai fito ba, babu shi a cikin mutane.

Hafsatu ta yi kuka har ta gaji. Ran kasuwa ta biya ta wurin saƙar Alu.

"Mi ya hana ka fitowa ciyayya?"

Ya sunkuyar da kai. "Ni ke tuƙa tuwona, Hafsatu. Ko akuya ta shinshina sai ta juya."

"Fito da shi haka nan, ko ka rasa ni."

Da magariba ta laɓe a zaure tana leƙe. Sai ga Alu da akushi. Tsoho Maigari, babban unguwa, ya kai hannu, tuwo ya ƙi gutsuruwa.

"Yaro, wanga tuwo ne ko tubali?"

Hamidu mahauci ya ce a kai wa Nasara su ƙarasa gini. Wuri ya ɗauki dariya. Alu ya yunƙura zai gudu, Maigari ya cafke masa riga.

"Zauna! Ina za ka, ba ka ci namu ba?"

Wata guda cur yana fitowa, ana yi masa tsiya, ana cinyewa. Rannan Hafsatu na laɓe ta ji Maigari ya ce, "Mudi, haƙorana huɗu suka rage. In yaron ga bai samu mata ba, ƙarewa za su yi. Jibi ina tafe da goro, ni ne ubansa."

Malam Mudi ya daɗe yana tauna kafin ya haɗiye. "Don Allah taho gobe."

Hafsatu ta sulale ta zauna a ƙasa, tana dariya tana share hawaye.

To, baƙo, kada kunya ta kulle ka a ɗaki. Mutanen gari fuskarka suke son gani, tuwon ko yaya yake za a haɗiye shi.