Hular Baƙar Kunama

Ƙarfe huɗu na yamma, ana yayyafi a garin Puebla, wani saurayi mai faɗin kafaɗu ya shigo shagon Don Cirilo, tsohon da ke ɗinka wa 'yan kokawa hular rufe fuska. Tsohon ba ya nan. 'Yarsa Nazaria ce a kan keken ɗinki.

"Sannu da aiki. Maigidan fa?"

"Ya je sayo zare. Awo ne?"

Saurayin ya waiga ƙofa, sannan ya zaro wata baƙar hula daga cikin rigarsa, ta yage wajen ido. Nazaria ta ga jelar kunamar da ita da kanta ta ɗinka a goshin hular, sai ƙafarta ta tsaya cak. Ashe wannan ne Baƙar Kunama, mai riƙe da kambun gari shekara uku, wanda tsofaffin mata ke jifa da ɓawon lemo duk Lahadi? Ga shi ko ido ya kasa haɗawa da ita.

"Na ɗauka kana da ƙaho," ta ce.

"Na baro shi a gida, saboda ruwa."

Sunansa Eusebio. Tun yana ɗan shekara goma sha tara ya sa hula, kuma ban da mahaifiyarsa da Don Cirilo, sai kuma yanzu Nazaria, babu wanda ya san fuskar da ke ciki. Shi ba ya hawa igiyar dandalin kokawa ya diro kamar sauran. Kokawarsa ta ƙasa ce, ta haƙuri. Sai ya bar abokin karawa ya gama tsalle-tsallensa ya gaji, ya kifar da shi, ya lanƙwaso ƙafafunsa ta baya kamar jelar kunama. Ba a taɓa kuɓuce wa wannan riƙo ba.

Daga ranar, hularsa ta riƙa yagewa duk mako. Nazaria ta lura yagar ta fi kama da aikin almakashi, amma ba ta tona ba.

"'Yar allurata," ya rubuto mata wata safiya, "jiya mutum dubu uku sun yi mini ihu, ni kuwa ƙarar kekenki nake ji."

"Kunamata, ka ci abinci kafin ka fara waƙa," ta mayar masa.

Ranar da ya zo neman aurenta, Don Cirilo ya ajiye almakashi ya cire tabarau.

"Yaro, ba ni da abin faɗa a kan halinka. Amma ƙanwata Leocadia, ɗan kokawa mai hula ta aura. Shekara ashirin tana ce wa maƙwabta mijinta direba ne. Ranar da wuyansa ya karye a dandali, tana zaune cikin 'yan kallo, ta danne kuka don kada a gane shi. Ba zan aurar da 'yata ga mutum biyu ba. Ka zo mini da fuska ɗaya."

"Baba!"

"Na gama magana, Nazaria."

Duk su ukun sun san nauyin zancen. Ɗan kokawa ba ya cire hula don ya ga dama. Sai an yi caca da ita, an kayar da shi a gaban jama'a, kuma in ta fita ta fita ke nan.

Akwai wani Fermin, kyakkyawan ɗan kokawa mai dogon gashi da buɗaɗɗiyar fuska, wanda ya daɗe yana kawo wa Nazaria furanni, tsohon kuma yana sonsa. Kwatsam sai ga takardu manne a bango: Baƙar Kunama da Fermin, hula da gashi. Wanda ya faɗi, ko a tuɓe masa hula ko a aske shi ƙwal.

Ran Nazaria ya ɓaci. Ta rubuta wa Eusebio: "Ashe ni kambu ce da za ku yi kokawa a kaina? In ka aske shi, sai Baba ya ba ka ni? Kada ka ƙara nemana."

Amsa ta zo gajeriya: "Ki zo ranar Lahadi ƙarfe biyar, ke da Baba. Hannuna kawai za ki kalla."

Ta yi rantsuwa ba za ta je ba, amma ta je.

Kowa ya ci zagaye ɗaya. A na uku Fermin ya diro daga igiya, Eusebio ya kauce, ya kifar da shi, ya lanƙwaso ƙafafunsa. Jama'a suka miƙe, wanzami ma har ya buɗe jakarsa. Nazaria ta zuba wa hannayen ido, hannayen da suka saba riƙe mata zare. Ta ga yatsun suna saki, ɗaya bayan ɗaya. Fermin ya zille, ya danne shi, alƙalin wasa ya buga ƙasa sau uku.

Eusebio ya durƙusa a tsakiyar dandali, ya karɓi abin magana.

"Wanda ya ɗinka hular nan, shi zai kwance ta. Don Cirilo, don Allah."

Tsohon ya hau da ƙyar. Ya fara warware igiyar hular ta ƙeya.

"Kai wawa ne," ya ce a hankali. "Shekara goma sha ɗaya ka zubar."

"Fuska ɗaya ka ce, Baba."

Hula ta fita. Kamar yadda aka saba, Eusebio ya faɗi sunansa da garinsu da shekarunsa a kokawa, ya miƙa wa Fermin hular da hannu biyu. Fermin ya karɓa yana kallon ƙasa, don ya ji sakin nan a ƙafafunsa. Wata tsohuwa mai ɓawon lemo a hannu ta ce, "Haba, ashe yaro ne mai kunya!" Nazaria ta kira sunansa da ƙarfi, a gaban kowa, tana kuka.

Bayan wata biyu aka ɗaura aure. Da safiyar ranar, a ƙofar coci, Don Cirilo ya haɗa hannayensu ya ce, "Allah ya ba ku zaman lafiya, ya ba ku 'ya'yan da za su faɗi sana'ar ubansu ba tare da sun waiga ba."

Sai ya hango maɓallin rigar ango yana lilo. Ya zaro allura daga bakin aljihunsa, ya yi ta kai zare yana kuskure ramin, sau uku, sau huɗu. Eusebio ya karɓa, ya zura zaren, ya mayar masa. Tsohon ya jawo shi kusa ya fara ɗinki.