Ƙullin Dangwali

Ranar Litinin da hantsi aka kira komisariyar 'yan sandan Dogon Dutsi, an yi sata a biro, wato ofishin ƙungiyar Garke da Gona. Kafin Ensifekta Abdulwahid ya isa, diraktan ƙungiyar, Alhaji Nuraddeen, ya riga ya sami ɓarawonsa.

"Ita ce," in ji shi, ya nuna wata budurwa da ke tsaye jikin bango. "Ita ɗai ke da lakile, mabuɗin ɗakin ga."

Fadila sunanta. Daga Yamai aka ɗauko ta, wata uku ke nan, don ta tsara wa ƙungiyar shafin intanet na cikin gida, inda ma'aikata za su riƙa zuba rahotanninsu. Zanen tsarin yana manne a bango: akwatin biro a sama, na rassan Matankari da Gesheme a tsakiya, a ƙasa kuma kowane ma'aikacin daji da nasa akwatin da sunansa.

"Mi anka ɗauka?" Abdulwahid ya tambaye ta.

"Babban ekaran, Ensifekta. Allon da muke nuna aikin a kai."

"Aikin ya tafi ke nan?"

"Aikin ga shi nan." Ta nuna wani ɗan baƙin akwati ƙarƙashin tebur. "Komi na ciki. Ekaran taga ce kawai."

Abdulwahid ya durƙusa. Ba a fizge wayar ekaran ba. An zare ta a hankali, an naɗe, an ɗaure ta a ƙafar tebur da irin ƙullin da masu shanu ke yi wa maraƙi a igiyar dangwali. Ya daɗe yana kallonsa.

"Alhaji, wadda ta gina abu ba ta ɗaukar taga ta bar ɗaki."

"Ni dai na kai ƙara. Jibi masu ba mu tallafi za su zo ganin aikin. Komisar ya san da magana."

Lallai ya sani. Waya ɗaya komisar, shugaban komisariyar, ya bugo, aka wuce da Fadila komisariya. In ba a sami ekaran ba zuwa Laraba, takardarta za ta tafi kotu. Abdulwahid na tsaye aka sa ta a mota.

Ya koma kan mai gadi, tunda safiyar Asabar aka yi wa ekaran ganin ƙarshe.

"Asabar kana ina?"

"Nan, wallahi. Ko ƙuda bai wuce ni ba."

"La'asar fa?"

"Masallaci dai na je."

"Lakilen safiya wa ke buɗe wa mai shara da shi?"

Mai gadin ya kalli ƙasa. Ashe akwai lakile na biyu, rataye a ƙusa bayan randar ruwa. Kowa a biron ya san shi, ban da dirakta.

"Da ka dawo masallaci, moton wa ka gani?"

"Ƙurar babur dai na hanga, Shef. Kamar ta Baba Manu. Amma Baba Manu ko allura ya tsinta sai ya yi cigiya."

Mardiyya, sakatariyar biron, ta yi kamar aiki ya sha mata kai. Da Abdulwahid ya tambaye ta, ta ce Baba Manu jami'in rigakafin dabbobi ne a Gesheme, shekara ashirin da biyu. Rahotanninsa sun fi na kowa kyau.

"Shi ka rubuta su?"

"Shi mana."

Abdulwahid ya buɗe fayil ɗin Manu, ya ajiye gefen littafin da take rubutu a ciki. Hannu ɗaya ne, har yadda ake karkata bakwai.

Ta rufe ƙofa kafin ta yi magana.

"Kowane ƙarshen wata yana zuwa ya zauna nan. Ya faɗi da ka, rugga rugga, saniya nawa, wacce ta yi tari. Ni in rubuta. Kafin ni, wadda na gada ita ka yi mishi. Ba mu taɓa faɗa ma kowa ba."

"Sabon tsarin fa?"

"Babu sakatariya a ciki. Kowa da lambar sirrinshi, kowa ya rubuta nashi da Faransanci. Ran Jumma'a Fadila ta ce ran Laraba kowa zai tashi ya gwada a ekaran, gaban baƙi. Da Baba za a fara, tunda shi ne babba. Girmama shi ta yi nufi."

Talata da rana Abdulwahid ya isa Gesheme. Ya tarar da tsohon a bayan gida yana duba bakin wata karsana. Da ya ga kakin 'yan sanda, sai ya wanke hannu ya shimfiɗa tabarma.

"Asabar ka shiga Dogon Dutsi, Baba?"

"Ban shiga ba, ɗana."

"An rufe yarinyar nan tun jiya. Gobe za a kai ta kotu."

Manu ya ɗago kai da sauri. "Fadila? Mi ta yi?"

"An ce ita ta ɗauka."

Tsohon ya saki karsanar ta tafi. Sannan ya tashi ya buɗe rumbu. Ekaran na kwance bisa damman gero, naɗe cikin bargo, ko ƙwarzane babu.

"Na ce in babu shi, ba a kira sunana," in ji shi. "In baƙin sun tafi in maida. Na aza duk abin na cikinshi."

"Ba ya ciki, Baba. An riga an aro wani daga Matankari."

Manu ya zauna a ƙasa.

"Na san shanu dubu huɗu da kamanninsu. Yaran da na koya ma riƙon allura su za su zauna suna kallona, ni ko harafi ɗaya ban iya rubutawa ba."

Daga ƙarƙashin itacen bedi Abdulwahid ya kira Alhaji Nuraddeen, ya roƙe shi ya janye ƙara, kaya sun dawo lafiya. Alhaji ya ce lakile aka sata aka shiga, kuma baƙi sun ji labari, dole su ga an hukunta wani. Abdulwahid ya kira komisar. Komisar ya ce, "Kawo shi." Babu wanda ya rage ya kira.

La'asar sakaliya suka iso komisariya. Ana fito da Fadila, ta ga wanda ke zaune a benci, ta ji dalili. Ta durƙusa gabansa.

"Baba, aikin yini biyu ne. Da na sa maka wurin da za ka danna ka yi magana kawai, kamar saƙon murya. Don mi ba ka faɗa mini ba?"

"Kin tambayi dirakta, ɗiyata. Kin tambayi masu rassa. Da kinka iso kaina, sunana kawai kinka tambaya."

Aka kawo takardar bayaninsa. Doka ta ce mai laifi ya karanta kafin ya sa hannu. Abdulwahid ya kori kowa daga ɗakin, ya rufe ƙofa, ya karanta masa da Hausa, layi layi.

"Haka ne," Manu ya ce. "Ba ka rage komi ba."

Ya dangwala yatsa, ya miƙe, ya gyara rawaninsa. Ɗan sanda ya zo da ankwa. Abdulwahid ya girgiza kai, ya kama hannun tsohon da nasa hannun, suka bi baranda zuwa ɗakin da ake tsare masu laifi.