Hannun Maginin Farko

Kwana tara Abarci magini yana yaɓen wani tsohon masallaci a ƙasar Dakoro, kada damina ta kayar da shi. Ko kakanni ba su san wanda ya gina shi ba. Ran nan gajiya ta hana shi komawa gida, ya kwana a gindin bango.

Ƙamshin ɗanyar ƙasa ya tashe shi. Ga wani dattijo tsaye, ba a jin numfashinsa.

"Sannu, ɗana. Ni ma wannan kusurwa ta wahalshe ni."

"Yaushe, Baba?"

Dattijon ya dafa bango. A farin wata, Abarci ya ga tafinsa ya zauna daidai cikin sawun hannun maginin farko, busasshiyar ƙasar tana jiƙewa ƙarƙashin yatsunsa.